Jan manet: yadda ake daidaita mai da iska a injin ƙaramin jirgi cikin zafin Maradi

Duk wanda ya taɓa zama kujerar gaba ta ƙaramin jirgi irin Cessna 172 ko 152 ya ga manet ɗin nan biyu da ke kusa da juna, baƙi da ja. Baƙin na gaz ne, kowa ya san shi, ka tura inji ya ɗauki wuta ka janyo ya sauka. Jan shi ne ake jin tsoron taɓawa, masu koyo da yawa iyakar abin da suka sani a kansa shi ne a tura shi har ƙarshe kafin a tada inji, a janyo shi har ƙarshe in za a kashe, shi kenan. To ɗan'uwa a ƙasa mai zafi irin tamu wannan bai isa ba ko kaɗan, jan manet ɗin nan shi ke raba wa inji mai gwargwadon iskar da yake shaƙa, kuma iskar Maradi a watan Afrilu da rana ba ita ce iskar da aka gwada karbiraton da ita a masana'anta ba.

Kafin mu yi nisa, littafin jirginka shi ne gaba da duk abin da zan faɗa, in maganata ta saɓa da shi ka bi littafin. Ni a kan injunan Lycoming masu karbirato zan fi tsayawa, O-235 na Cessna 152 da O-320 da O-360, tunda su aka fi gani, amma hikimar ɗaya ce ko a Continental O-200 na Cessna 150.

Matsalar daga karbirato take farawa. Yawancin injunan nan karbirato ƙirar Marvel-Schebler ne a ƙarƙashinsu, iska na shigowa ta ƙasa ta bi ta wani matsattsen maƙogwaro ta tsotso mai ta yi sama da shi zuwa silinda. Shi karbirato yawan iskar da ke wucewa yake ji, bai san nauyinta ba, alhali ƙonewa da nauyi take aiki, wajen kilo 15 na iska ga kilo 1 na mai shi ne inda duka biyun ke ƙonewa babu saura, in kuma ƙarfi kake so to wajen 12 da rabi ga 1. Da ka yi sama ko gari ya yi zafi iska sai ta yi shara-shara, nauyinta ya ragu, shi kuwa karbirato yana nan yana zuba mai kusan yadda ya saba, sai man ya fi ƙarfin iskar. Ka dai san yadda kabu-kabu ke yi in aka manta sitate a buɗe bayan ya yi zafi, baƙin hayaƙi, ba ja, buji ya yi baƙi ƙirin, ga shan isansi, to abin da ke samun jirgi kenan in an bar jan manet a ture ko'ina aka je.

Yanzu mu yi lissafin garinmu, don shi ne zai nuna maka girman abin. Filin jirgin Maradi yana wajen mita 380 sama da teku, ƙafa 1240 kenan a agogon tsayi. A ƙa'idar da masu ƙera jirgi ke aiki da ita zafin bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da digiri 2 kowace ƙafa 1000, wato a tsayin Maradi kamata ya yi a samu digiri 12 da rabi. Kai ma ka san ba haka muke ba, a bazara 42 ba abin mamaki ba ne, bambanci ya kusa digiri 30 kenan, kuma kowane digiri ɗaya yana ƙara wajen ƙafa 120 a tsayin da inji ke ji a jikinsa. Ka haɗa ka gani, kusan ƙafa 4800. Jirgi na tsaye bisa pisti taya a ƙasa amma injinsa ji yake kamar yana can sama, kuma inji marar turbo na rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa kowace ƙafa 1000, to mai ƙarfin doki 160 ya dawo ƙasa da 140 tun ba ka motsa ba, in ka ƙara masa da man da ya wuce kima sai ka sake rage masa wani ƙarfin da hannunka. Amma da safiyar Janairu lokacin ɗari, zafi na wajen 15, tsayin da inji ke ji bai fi ƙafa 1500 da ɗan abu ba. Fili ɗaya, jirgi ɗaya, wurin zaman jan manet daban.

Tun a ƙasa ake fara aikin. Ka tada inji da manet a ture, matsin man inji ya hau, juyi ya zauna wajen 1000 zuwa 1200 a minti, sai ka janyo jan manet sosai, ba ɗan taɓi ba, ka yi ta ja har ka ga allurar juyi ta ɗan ɗaga ta fara niyyar sauka. A wannan ƙaramar wutar babu abin da za ka ƙona, kar ka ji tsoro. Dalili shi ne man jirgi 100LL, wannan shuɗin, akwai darma a cikinsa, kuma in wuta ba ta yi zafi ba darmar ba ta fita da hayaƙi sai ta taru a bakin buji. Wanda ya taɓa kwance bujin ƙasa na O-235 (kowace silinda buji biyu gare ta, na sama da na ƙasa) ya san abin da nake nufi, ka juya shi ka leƙa cikin ramin za ka ga ƴan ƙwallaye masu launin toka kamar tsaba sun daskare a gindi, sai an sa tsinke an ɓanɓaro su ɗaya ɗaya, su ne ke haɗe wutar bujin ya daina tartsatsi. Abin da ya sa na ce ka ja sosai kuma, in ka ja kaɗan kana iya mantawa ka hau pisti ka ba shi wuta duka a haka inji ya karɓa ya tashi da ƙarancin mai, wannan haɗari ne babba, amma in ka ja da yawa kana tura gaz zai yi tari ya nemi mutuwa, dole ka tuna.

Wajen gwajin manyeto, wato na'urori biyun da ke ba buji wuta, ka mayar da manet inda littafi ya ce, a tsofaffin 172 ana kai juyi 1700, faɗuwar kowane manyeto kar ta wuce 125, bambancinsu kar ya wuce 50. In ɗaya ya yi gargada inji na karkarwa, galibi buji ne ya yi datti, ka ƙara wuta zuwa wajen 2000 ka rage mai har juyi ya kai ƙoli ka riƙe kamar rabin minti idonka na kan zafin kilas, wato kan silinda, sannan ka sake gwadawa. In ya wanke madalla. In ka yi sau biyu bai wanke ba ka koma ka ajiye jirgi a kira makaniki, ba a tashi da manyeto mai gargada don ana sauri.

Tashi shi ne inda ake gardama. Littafin Cessna 172 ya ce in fili ya haura ƙafa 3000 a rage mai kafin tashi har juyi ya kai iyakarsa da gaz a buɗe duka, kuma malaman tuƙi da yawa suna auna wannan da tsayin da inji ke ji ne. Su kuma Lycoming 5000 suka ambata. Ka ga Maradi da ranar bazara ta faɗo tsakanin biyun. Yadda ake yi, ka samu wuri mai tsabta marar tsakuwa don farfela na tsotso duwatsu tana sassare bakinta, ka taka birki da kyau, ka ba shi wuta duka, ka janyo jan manet a hankali kana kallon allurar juyi, za ta ɗan hau, inda ta tsaya ta ƙi ƙarawa nan ne ƙoli, sai ka ɗan mayar da shi ciki don inji ya samu rarar mai, ka saki birki. Kar ka daɗe a tsaye da cikakkiyar wuta, iska ba ta ratsa inji a ƙasa, kilas na ɗaukar zafi nan da nan. Ni a ganina in ba dole ba ma a tashi da sassafe, kafin tara, a lokacin manet a ture ya wadatar, fiffike na samun iskar kamawa, pisti ba ya yi maka gajarta, kuma ba ka sha jijjigar iskar rana ba.

A hawa kar ka rage gaz da niyyar tausaya wa inji sai in littafi ya ce, karbirato da yawa an yi su ne su ƙara mai in gaz na buɗe duka, wannan rarar ita ke hana kilas tafasa, kana ɗan janyo baƙin manet ka yanke ta. In zafi ya hau ka sauke hanci ka ƙara gudu iska ta shiga. Akwai wata dabara mai kyau ga mai agogon zafin hayaƙi, wata safiya mai sanyi cikin Disamba ko Janairu ka tashi da manet a ture, da ka bar ƙasa ka duba inda allura ta zauna ka riƙe wurin, to daga ranar duk lokacin da kake hawa ka ga allura ta zame ƙasa da wurin sai ka ɗan rage mai ta dawo, ba ka wuce shi. Da haka inji na samun haɗi iri ɗaya tun daga ƙasa har inda za ka daidaita.

To ga babban aikin, ka kai tsayin da za ka yi tafiya, ka daidaita jirgi gudu ya zauna. Sharaɗi na farko ƙarfin inji ya kasance kashi 75 cikin 100 ko ƙasa, ka duba jadawalin littafi ka ga juyi nawa ne ke ba da haka a tsayinka da zafin ranar. Lycoming sun yarda a rage mai a kowane tsayi muddin ba a wuce 75 ba, saboda haka maganar nan da ake yi wai ba a taɓa jan manet ƙasa da ƙafa 3000 ko 5000 a tafiya ba ta da tushe, maganar tashi da hawa ce aka juya. Sama da 75 kuwa rage mai na iya jawo mai ya riƙa fashewa a silinda maimakon ya ci a hankali, a mota kana jin wannan ƙwanƙwasar da kunnenka amma a jirgi ƙara ba ta barinka ji, sai dai ka ga kilas na hawa, in aka daɗe fistan ne ke hujewa.

In babu agogon hayaƙi kunne da allurar juyi sun isa. Ka janyo manet a hankali, in irin mai murɗawa ne ka murɗa kar ka danna maɓallin tsakiya, juyi zai ɗan ƙaru, ka ci gaba har inji ya fara gargada, ka tsaya, ka mayar ciki har ya koma sumul, ka ɗan ƙara kaɗan. Gargadar nan ba lalacewa ba ce, silinda ɗaya ce da ta fi saura ƙarancin mai ta fara fashin wuta, tana samun mai take komawa daidai.

In akwai agogo, wanda aka rubuta wa EGT a fuska, to sai ka fahimci abin da yake faɗa maka don nan ne mutane ke ruɗewa. Wani ɗan tsinken ƙarfe ne aka huda bututun eshapma aka soka, ƴan santimita kaɗan daga bakin silinda, yana jin zafin hayaƙin da ke fita. In mai ya yi yawa rarar da ba ta ƙone ba na rage zafin wutar, kana rage mai zafi na hawa, yana hawa har ka iso inda mai da iska suka yi daidai, nan ne ƙoli, in ka ci gaba da ja kuma sai zafi ya fara sauka tunda yanzu iska ce ta yi rara abin ƙonawa ya ragu. Ka lura da kyau, allura na iya nuna wuri ɗaya a ɓangare biyu, kafin ƙoli da bayan ƙoli, kuma halin inji a wuraren biyu ba ɗaya ba ne, shi ya sa dole sai ka nemo ƙolin da kanka kowane lokaci kafin ka san inda kake. Lambar kanta ba ta da wani amfani sosai, 1350 ko 1450 a ma'aunin Faranhait ya danganta da inda makaniki ya huda bututu, jirgi biyu iri ɗaya ba za su ba ka lamba ɗaya ba, shi ya sa tsofaffin agogunan Alcor ko lamba babu a fuskarsu sai zane-zane, kowane zane digiri 25 na Faranhait, da wata allura ta biyu da kake murɗawa da hannu ka ajiye a kan ƙoli. A injin da ba turbo babu jan layi a zafin hayaƙi, kar ka ga lamba babba gabanka ya faɗi.

Yadda za ka nemo shi, ka murɗa kaɗan ka jira, allurar na da nawa tana ɗaukar ƴan daƙiƙu kafin ta amsa, mai gaggawa sai ya wuce ƙoli bai gani ba. Murɗa, jira, ta hau zane ɗaya, murɗa, jira, ta ƙara, can za ka murɗa ka ga ta tsaya cak kamar tana shawara, ka ƙara kaɗan sai ta fara komowa baya, to inda ta tsaya ɗin nan ka ɗora allurar hannu a kai. Daga nan ka mayar da manet ciki ka ratsa ƙolin ka sauko ta ɓangaren mai, wato inda mai ke da rara, kana ƙirga zane. Amma fa kar neman ya zama zaman dirshan, minti ɗaya ya isa.

Zane nawa za ka sauko? Littafin 172 na samfura da yawa ya ce digiri 50 na Faranhait ta ɓangaren mai, zane biyu kenan, wajen digiri 28 a namu ma'aunin, in kuma tattalin mai kake so ka zauna kan ƙolin. Lycoming sun ce mafi ƙarfi yana tsakanin 100 da 150 ta ɓangaren mai. Abin da ya kamata ka sani shi ne zafin kilas ba ya kai ƙolinsa tare da na hayaƙi, shi nasa yana wajen 40 zuwa 50 ta ɓangaren mai, wato daidai wurin da littafi ya nuna shi ne inda kan silinda ya fi shan zafi. A ƙarfi 65 cikin 100 ko ƙasa wannan ba komai, duk inda ka ajiye manet inji lafiya lau, amma in kana kusa da 75 ga zafin bazara ni na fi son a sauko zane huɗu ko biyar, a sha ɗan mai a tsira da supap. Batun wuce ƙoli zuwa ɓangaren iska da ake ta yayi, wannan ya fi dacewa da injuna masu allurar mai a kowace silinda, karbirato ba ya raba mai daidai, wata silinda ta ƙoshi wata na yunwa, kafin ta ƙarshe ta kai ƙoli ta farko ta fara tari. In naka ya yi sumul a can a ƙaramar wuta kuma littafi bai hana ba to, in bai yi ba kar ka tilasta masa.

Mai agogon zamani irin JPI ko Garmin da ke nuna kowace silinda, silindar da ta fara kai ƙoli ita za ka bi, ita ce mai ƙarancin mai, ba wadda ta fi kowa lamba ba. Mai tsinke ɗaya kuma ya san cewa silinda ɗaya kawai yake gani, kuma wadda ta fi yunwa na canjawa da wurin gaz, to ya bar wa sauran rara.

Agogon da ke gaya maka lafiyar inji na kilas ne, mai rubutun CHT. Jan layin Lycoming 500 ne na Faranhait, digiri 260 kenan, amma wannan iyaka ce ba wurin zama ba, su da kansu sun ce in ana son inji ya daɗe a riƙe shi ƙasa da 400 a tafiya, wajen 205 a namu. Zafin man inji kuma 245 na Faranhait ne iyakarsa, an fi so ya zauna wajen 180. In kilas na hawa ka ƙara mai, ka ƙara gudu ko ka rage wuta, in ka sauka kuma a duba robobin da ke tare iska a kewayen inji, in sun bushe sun lanƙwashe baya iska na zurarewa ta gefe ba ta bi ta kan silinda, rana irin tamu na busar da su da wuri kuma babu rage mai ko ƙarin mai da zai gyara wannan.

Kar ka manta duk lissafin mai da ke littafi, wajen lita 30 zuwa 32 a awa ga 172 a ƙarfi 75, an yi shi ne da sharaɗin ka rage mai. Wanda ya kama hanyar Agadez ko Yamai da manet a ture yana shan fiye da abin da ya rubuta a takarda, ga shi 100LL ba kowane fili ake samunsa ba, kuma tsakanin garuruwanmu akwai nisa.

Sai batun ƙanƙarar karbirato, wasu na ganin mu ba ruwanmu da ita tunda ƙasarmu zafi, a'a. Mai na zama tururi a maƙogwaron nan yana iya sauke zafin iska da digiri 30 ko fiye, a damina cikin Agusta da iska ke ɗauke da laima ƙanƙara na iya kamawa ko da zafin waje ya haura 30, musamman in gaz na rage. Alamarta juyi na zamewa a hankali ba ka taɓa komai ba. Ka janyo manet ɗin iskar zafi, mai tura wa karbirato iska mai ɗumi, duka, inji zai ƙara gargada na ɗan lokaci yana haɗiye ruwan, ka daure kar ka mayar. Iskar zafi ba ta da nauyi, saboda haka tana shiga haɗi ya koma mai yawa, in za ka daɗe da ita sai ka sake rage mai, in ka rufe ta kuma ka sake gyarawa. Wani abu kuma da ya shafe mu sosai, iskar zafin nan ba ta bi ta filta, a lokacin hazo da ƙura kar ka bar ta a buɗe a ƙasa fiye da daƙiƙun gwaji, yashi ne kake ɗura wa silinda kai tsaye.

Da ka fara saukowa iska na ƙara nauyi, haɗin da ya yi daidai a ƙafa 7500 zai yi ƙaranci a ƙasa, to ka riƙa mayar da manet ciki kaɗan kaɗan, kar ka banka shi lokaci ɗaya inji ya sha sanyi, Lycoming ba su son kilas ya sauka fiye da 50 na Faranhait a minti. Kafin ka jera da pisti manet ya kasance inda za ka iya ba da wuta duka in sauka ta ƙi, a ture ko kuma wurin da ya dace da zafin ranar. Ka taɓa ƙasa ka fita daga pisti, ka sake janyo shi sosai kamar da farko.

Agogon hayaƙi na tona asirin cuta tun ba ta girma ba in kana lura. Silinda ɗaya ta ɗaga sama da yadda ta saba kilas ɗinta bai hau ba, galibi buji ɗaya ya mutu, wuta na ci a makare tana bin hayaƙi waje, ka gwada manyeto za ka kama shi. Dukansu sun hau tare, duba ko makulli na kan manyeto ɗaya. Ɗaya na hawa a ralanti tana daidaita in an ba da wuta, iska na shiga ta wani joyin da ya saki a bututun shaƙa. Allura na lilo a hankali sama da ƙasa ita kaɗai, a duba supap ɗin hayaƙi. Wadda ta fi duka muni, zafin hayaƙi na faɗuwa na kilas na tashi da gudu, wannan wuta ce ke kamawa kafin lokacinta, nan take ka tura mai duka ka rage gaz ka nemi wurin sauka.

Saura gyaran ralanti a jikin karbiraton kansa. Gwajin kowane matuƙi na iya yi kullum wajen kashe inji, inji na da zafi, iskar zafi a rufe, gaz a ralanti, ka janyo jan manet sannu a hankali idonka kan allurar juyi, kafin ya mutu ya kamata ta ɗan ɗaga. In ta ɗaga fiye da 50 mai ya yi yawa, in ta faɗi kai tsaye ba ta ɗaga ba ya yi kaɗan, kuma irin wannan ne ke tari in an tura gaz ko ya mutu bayan sauka. Abin da ka gani sai ka kai wa makaniki mai lasisin ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ka ce Malam ga abin da allura ta yi, juyi kaza ta ƙara, zafin gari kaza ne, wannan ya fi masa amfani da ka ce inji ba ya daɗi. Kai dai ba ka sa turnabis a karbiraton jirgi.

Shi kuma makanikin kirki ba ya fara taɓa bis. Sai ya duba filtar iska tukuna don a hunturu tana toshewa da wuri, ya duba famfon firama, wanda ake fesa wa inji mai da shi kafin a tada shi, ko an kulle shi da kyau tunda in yana sake mai na zurara ta nan ya ɓata ralanti, ya leƙa ƙarƙashin karbirato ko yana ɗigo wanda ke nuna fulote ko allurarsa ba su rufewa, ya tabbatar wayar jan manet na kai hannun karbirato har maƙurarsa gaba da baya. In duk wannan lafiya sai a tokare tayoyi, mutum ɗaya a ciki ƙafa kan birki, a ɗumama inji a gwada manyeto, a saita ralanti yadda littafi ya ce, galibi juyi wajen 600. A kashe inji a cire makulli kafin hannu ya je kusa da farfela, a murɗa bis ɗin haɗin ralanti kaɗan, ciki na rage mai waje na ƙarawa, kwatan juyi ma ya isa, a sake tadawa a kai 2000 ya share maƙogwaro, a dawo ralanti a sake gwaji. Kowane taɓi na canja gudun ralanti, sai an koma an gyara shi shi ma, haka za a yi ta yi har biyun su zauna. Bis ɗin nan ralanti kawai yake gyarawa, in matsalar a cikakkiyar wuta take to jikiler ne ko tsayin fulote, wannan sai an kwance an kai wurin masu izinin buɗe shi. Kuma a yi la'akari da ranar da ake gyaran, wanda aka saita da tsakar ranar Mayu har ya rage ɗagawa kaɗan zai iya yin ƙaranci da asubar Janairu, gara a bar shi ya ɗan karkata ta ɓangaren mai, a rubuta zafin ranar da abin da allura ta nuna a littafin inji a sa hannu.